Farin hayaƙi a salansar tsohuwar mota: abin da za a bincika kafin a kwance top

A yawancin garejojinmu, idan mota ta shigo tana fitar da farin hayaƙi ta salansa, kafin direba ya gama tsayar da ita an riga an yanke mata hukunci: gasket, wato shimfiɗar da ke like tsakanin gangar inji da kansa, ya ƙone, sai an kwance top, wato kan injin. Sau da yawa maganar takan zama gaskiya. To amma kwance top ba ƙaramin aiki ba ne. Za a sayi gasket da kusoshi da baƙin mai, a biya ladan aiki, mota ta kwana biyu ko uku a ajiye, kuma injin da aka buɗe ba bisa ƙa'ida ba da wuya ya koma yadda yake. Babban abin takaici shi ne a gama duk wannan a tayar da mota, hayaƙin ya ci gaba da fita, saboda tun farko matsalar tana jikin birki ne, ko giya, ko nozul mai fesa wa inji mai.

Duk abin da ya fito fari ta salansa, wani ruwa ne da ya shiga ɗakin wuta ko ya taɓa ƙarfe mai zafi. Ruwayen da ke cikin mota kuwa ba su da yawa: ruwan lagireto, baƙin mai, man birki, man giya, sai abin da injin ke sha, fetur ko gas, wato dizal. Wanda duk ke ƙonewa a cikinsu dole ya riƙa raguwa a mazubinsa. Saboda haka aikin farko shi ne a ajiye mota a wuri mai daidai, a bari ta huce, a duba kowane mazubi, a yi wa matakinsa alama da biro ko ɗan salatif, a yi yawo da ita kwana biyu ko uku sannan a sake dubawa. Wannan ɗan haƙurin kaɗai yakan raba gardama fiye da yadda ake zato. Sharaɗin dai shi ne motar ba ta zafi. Idan allurar zafi tana haurawa, ba a yawo da ita.

Akwai kuma farin hayaƙin da ba ciwo ba ne. Fetur idan ya ƙone yana haifar da ruwa, domin sinadarin haidurojin da ke cikinsa yana haɗuwa da oksijin na iska. Lita ɗaya ta fetur tana ba da ruwa kusan lita ɗaya. Idan salansa ta yi zafi, ruwan nan yana fita ne a matsayin tururin da ido ba ya gani. Da sassafe kuwa, musamman lokacin hunturu a wurare irin su Jos ko Zariya ko Damagaram, ko bayan an kwana ana ruwan sama, ƙarfen salansa yana da sanyi, sai tururin ya bayyana fari, har ruwa ya riƙa ɗiga a bakin bututu. Irin wannan siriri ne, ba ya wuce taku ɗaya ko biyu yake ɓacewa, ba shi da wani wari na daban, kuma cikin minti biyar zuwa goma yake ɗaukewa. Motar da aka daɗe ba a tayar ba, ko wadda kullum gajeriyar tafiya take yi daga gida zuwa kasuwa, takan tara ruwa a tukunyar salansa, sai ta buƙaci tafiyar minti ashirin ko talatin a kan titi kafin ta ƙone shi. Haka ma wadda ta ratsa ruwan kwata da damina. Duk wanda zai yanke hukunci a kan farin hayaƙi, ya yanke shi bayan injin ya kai cikakken zafinsa.

Idan inji ya yi zafi hayaƙi bai ɗauke ba, sai a tsaya a bayan mota a lura da abu uku: yadda yake tashi, warinsa, da lokacin da yake ƙaruwa. Tururin ruwa yana narkewa ne a iska ya ɓace. Hayaƙin mai yana tsayawa, ya bi iska ya yi nisa, kuma idan aka dube shi ta gefen da rana ke haskowa za a ga shuɗi-shuɗi ko toka-toka a cikinsa. A kara farin kwali ko gilashi kusa da bakin salansa na ɗan lokaci. Idan ɗigon da ya taru ya bushe bai bar komai ba, ruwa ne. Idan ya bar maiƙo a yatsa, mai ne.

Maganar wari tana buƙatar gyara a wajenmu. An saba cewa hayaƙin ruwan lagireto yana da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kuma haka ne idan akwai kulant, wato ruwan sanyaya inji da ake saya, a ciki, domin sinadarin gilaikol da ke cikinsa ne ke ba da wannan ƙamshin. Amma tsofaffin motoci da yawa da ke kan titunanmu ruwan rijiya ko na famfo zalla ake zuba musu. Tururin irin wannan ruwan ba shi da ƙamshin komai. Rashin jin zaƙi a hayaƙi bai wanke gasket ba. Kuma kada a ɗanɗana abin da ke ɗiga daga salansa don a tantance, gilaikol guba ne.

Idan ruwan lagireto ne ke raguwa

Kafin a zargi cikin inji, a tabbatar ruwan ba waje yake zuba ba. A duba tiyo na sama da na ƙasa, da gindin famfon ruwa inda yake da ɗan ramin da ke ɗiga idan sil ɗinsa, wato abin da ke tare ruwan, ya mutu, da haɗin roba da alminiyam na lagireto, da kafet ɗin gaban kujerar fasinja inda ƙaramin lagireton ɗumama ciki yake yoyo. Mota tana iya samun yoyon waje da kuma tururin safiya a lokaci guda, a haɗa biyun a kira su gasket.

Gasket ɗin top yana kwance ne tsakanin bulok, wato gangar injin, da top, kuma abubuwa uku yake rabawa a fili ɗan ƙanƙane: wutar da ke cikin silinda, hanyoyin ruwa, da hanyoyin baƙin mai. Alamar da za a gani ta danganta da inda ya ɓalle. Idan tsakanin silinda da hanyar ruwa ne, yoyon yana tafiya ta fuska biyu, kuma fahimtar wannan ita ce ke bayyana yawancin abin da direba ke kuka da shi. Lokacin da inji ke aiki, matsin wuta a silinda yana haura bar 40 ko 50 (bar ma'aunin matsi ne) idan an taka mota, alhali na ruwan lagireto bai wuce bar 1 ko sama da haka kaɗan ba. Sai iskar wuta ta kutsa cikin ruwa, ta kumbura tiyo, ta kori ruwa ta bakin murfi zuwa robar ajiya har ta yi ambaliya. Da an kashe mota kuma sai lissafin ya juye. Silinda ba ta da matsi, ruwa kuwa yana nan da nasa har sai ya huce, sai ya riƙa tsattsafowa cikin silinda cikin dare. Shi ya sa irin wannan motar da safe takan tashi tana karkarwa da silinda uku na daƙiƙa goma ko ashirin, ta watso farin hayaƙi mai kauri, sannan ta daidaita kamar ba komai.

Wannan karkarwar ta safe gargaɗi ce babba. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Ranar da ya taru da yawa a kan fiston, za a murɗa makulli a ji injin ya juya rabi ya cije. Idan aka ji haka a saki makulli nan take, a cire fulogogi duka, sannan a juya injin ruwan ya feso ta ramukan. Wanda ya dage da kunnawa, ko ya sa aka tura motar a giya, yana iya lanƙwasa konrod, wato sandar da ke riƙe da fiston, aikin gasket ya koma na sauke inji.

Gwajin da ba ya cin ko kwabo shi ne na kumfa. Inji ya kwana ya huce sarai, domin buɗe murfin lagireto da zafi yana ƙona fuska da hannu. A cika ruwa har wuya, a bar murfi a buɗe, a tayar. Kumfar iskar da ta maƙale bayan an sake ruwa takan fito jefi-jefi sannan ta ƙare. Ta gasket ba ta ƙarewa, tana zuwa a jere, kuma idan aka taɓa totur sai ta ƙaru, wani lokaci ruwan ya yi tsalle ya fito. Ana iya ɗaura balan-balan ko safar hannu ta roba a bakin lagireto, a toshe ƙaramin tiyon da ke zuwa robar ajiya. Idan ta kumbura cikin minti ɗaya na farko, ba zafi ne ya kumbura ta ba, domin ruwan bai ma ɗumama ba tukuna. Haka idan aka rufe murfi aka tayar da inji mai sanyi, aka matsa tiyon sama aka ji ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu, ko aka tarar da shi da tauri da safe bayan mota ta kwana.

Daga nan sai fulogi. A cire su duka a jera su bisa tsarin silinda, na ɗaya zuwa na huɗu. A tsohon inji kowanne zai kasance da ɗan launin ƙasa-ƙasa ko baƙi-baƙi. Idan ɗaya ya fita daban, farin tangaran ɗinsa ya yi fes kamar sabo, ko bakinsa ya yi tsatsa, to tururi ne ke wanke shi. A haska tocila ta ramin: kan fiston ɗin wannan silindar zai yi ƙyalli alhali sauran suna da baƙin gawayi.

Masu kayan aiki suna da hanyoyin da suka fi waɗannan tabbas. Akwai famfon gwajin matsi da ake ɗaurawa a bakin lagireto. Ana hura shi zuwa adadin da ke rubuce a kan murfi, ba a wuce shi ba: a yawancin motocin Japan 0.9 ko 1.1 ne, a Golf da 'yan uwanta kuwa yakan kai kusan 1.5. Idan allura ta sauka cikin minti goma zuwa goma sha biyar kuma babu ɗigo a ƙasa, ruwan ciki yake tafiya. A bar matsin na wasu sa'o'i da fulogogi a cire, sannan a leƙa a ga silindar da ta jiƙe. Akwai kuma gwajin shuɗin ruwa. Wani sinadari ne ake zubawa a kwalba mai bakin roba, a rage ruwan lagireto kamar santimita biyar don kada ya shiga kwalbar ya ɓata gwajin, a bar inji ya yi zafi, a riƙa zuƙo iskar da ke saman ruwan ta ratsa sinadarin na kusan minti biyu. Idan akwai iskar ƙonewa a ciki, shuɗin zai koma rawaya a motar fetur, ko kore-kore a ta gas. Idan ya canja, magana ta ƙare. Idan bai canja ba, ba a gama ba, domin wani yoyon ba ya buɗewa sai mota tana hawa tudu da kaya.

Gwajin kwamfureshan, wato auna matsin da fiston ke yi a silinda, yana da amfani amma ana ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Ana yin sa ne da inji mai ɗumi, fulogogi duka a cire, an zare fiyus ɗin famfon mai da wayar koyil, totur a buɗe gaba ɗaya, batir da caji, a juya sau biyar ko shida a kowace silinda. Lafiyayyen injin fetur yakan ba da bar 10 zuwa 13, wato psi 150 zuwa 190, kuma bambancin da ke tsakanin silinda da silinda kada ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Idan silinda biyu maƙwabta suka faɗi tare, gasket ya ɓalle a siririn gadar da ke tsakaninsu. Idan ɗaya ce ta faɗi, a zuba mata cokalin shayi ɗaya na baƙin mai a sake gwadawa. Adadin ya tashi sosai, ringin fiston ne. Bai motsa ba, bawul ne ko gasket. Sai dai ƙaramin yoyo zuwa hanyar ruwa yana iya ba da adadi mai kyau, saboda matsin da kik ke samarwa bai kai kashi ɗaya cikin uku na matsin wuta ba. Wanda ya fi shi kama ɓarawo shi ne a kawo fiston sama daidai lokacin da bawul biyu suke rufe, a hura iskar kwamfuresa ta bar 6 ko 7 ta ramin fulogi, a saurara. Iska ta fito ta salansa, bawul ɗin fitar hayaƙi ne. Ta fito ta wajen shigar iska, bawul ɗin shiga ne. Ta fito ta murfin baƙin mai, ringi ne. Kumfa ta taso a lagireto, gasket ne ko tsagewa, kuma an san silindar.

Baƙin mai da ya koma launin shayi mai madara alama ce da kowa ya sani, amma ita ma tana yaudara ta fuska biyu. Ɗan farin maiƙo a ƙarƙashin murfin zuba mai kaɗai yana iya zama gumin inji a motar da ba ta doguwar tafiya. Sannan gasket yana iya ɓallewa tsakanin silinda da ruwa bai taɓa hanyar mai ba, man ya kasance garau. A duba sandar awo: idan matakin mai yana ƙaruwa da kansa, wani abu na shiga. Bayan mota ta kwana a sassauta kusar zubar da mai kaɗan, kada a cire ta. Ruwa ya fi mai nauyi, shi zai fara ɗigowa. Idan an ga haka a daina tuƙa motar, domin man da ya gauraya da ruwa ba ya riƙe metal, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, kuma daga nan ne inji ke bugawa.

Ko an tabbatar ruwa na shiga silinda, gasket ba shi kaɗai ne ƙofa ba. Top na iya tsagewa, yawanci tsakanin kujerun bawul biyu. A wasu injina ruwa yana bi ta cikin manifol na shigar iska ko ta jikin totur, kuma gasket ɗin wannan wurin idan ya mutu inji zai zuƙi ruwa kai tsaye. A irin wannan yoyon na manifol ko totur, gwajin matsi zai nuna yoyo amma gwajin shuɗin ruwa da na kumfa ba za su nuna komai ba, kuma wannan saɓanin shi ne abin lura.

Birki da giya

Ga wurin da ake yawan asarar kuɗi a banza. Mastan birki yana ɗaure ne a jikin wannan baƙin faranti mai kumburi da ke sauƙaƙa taka birki, shi kuma farantin yana da tiyo mai kauri da ke zuwa manifol, inda inji ke zuƙar iska. Idan robar bayan masta ta mutu, man birki ba ya ɗiga ƙasa. Cikin farantin yake taruwa, har ya kai matakin da inji zai fara zuƙe shi ya ƙona. Hayaƙinsa fari ne tas, mai kauri, da wari mai kaifi, kuma yakan ƙaru a silo ko lokacin da aka saki totur ana gangara, ko bayan an taka birki, domin a lokacin ne zuƙar ta fi ƙarfi. Direba zai ce yana ƙara man birki duk mako amma bai ga jiƙa a bayan taya ko ɗaya ba. A zare tiyon a leƙa cikinsa: ya kamata ya kasance a bushe. A kwance nati biyu da ke riƙe da masta a ja shi gaba kaɗan. Idan bayansa a jiƙe yake, ko fentin da ke ƙasansa ya kwaile, an samu. Gyaran shi ne sabon masta, a kuma tsotse man da ya taru a farantin ko a canja shi, domin man birki yana cin robar da ke ciki. Wannan ya fi gasket gaggawa, tunda mota ce da ke gab da rasa birki.

Tsofaffin motoci masu giyar otomatik na da makamancin wannan. Marsandi 190E da 230E na fetur, da tsofaffin motocin Amurka da yawa, suna da wata 'yar na'ura a gefen giya mai fatar roba a ciki, wadda siririn tiyo ya haɗa ta da manifol don giyar ta san nauyin da ke kan inji. Fatar nan idan ta yage, inji zai riƙa shan man giya ta wannan tiyon. Man giya na raguwa ba yoyo, giya na shiga da bugu, hayaƙi fari ya cika titi. A zare tiyon daga jikin na'urar. Ɗigon jan mai ɗaya ya isa shaida.

Baƙin mai kuwa asalin hayaƙinsa shuɗi ne, sai dai da rana tsaka ido yakan gan shi fari. Idan yana fitowa ne da an tayar da safe, ko bayan doguwar tsayuwa a go-sulo da an taka totur, sannan ya ragu, robobin wuyan bawul ne suka bushe. Idan yana ƙaruwa da hawa tudu da ɗaukar kaya, ringi ne. Kafin a kai ga waɗannan a duba ko an cika mai ya wuce alama, a kuma duba bawul da tiyon numfashin inji ko sun toshe. A mota mai turbo, sil ɗin turbo na iya zubar da mai kai tsaye cikin salansa mai zafi, kuma wannan hayaƙin yakan fito fari sosai saboda man bai ƙone ba, dahuwa ya yi.

Injin gas lissafinsa daban ne

A Hilux da Hiace da Canter da tsofaffin Marsandi masu shan gas, farin hayaƙi yawanci man ne da aka fesa bai kama wuta ba. Injin gas ba shi da tartsatsi, zafin iskar da fiston ya matse ne ke kunna man. Duk abin da ya rage wannan zafin ko ya ɓata lokacin fesawa zai sa man ya fita ɗanye. Ana gane shi da hanci da ido: yana warin gas, yana sa hawaye. Idan da safe ne kawai, tare da wahalar tashi da karkarwa, a fara da hita, wato fulogogin da ke ɗumama silinda kafin a tayar. A cire wayar da ta haɗa su, a auna kowanne da mita: lafiyayye yakan nuna kusan om ɗaya, wanda ya mutu ba zai nuna komai ba. Ɗaya tak ya mutu ya isa ya sa silindarsa ta yi hayaƙi na minti ɗaya ko biyu. Idan hayaƙin bai tafi ba bayan inji ya yi zafi, a duba taimin ɗin famfon injekta, musamman in an taɓa canja bel kwanan nan, domin haƙori ɗaya aka yi latti da shi zai kawo hayaƙi da rashin ƙarfi. Sai nozul da ke ɗiga maimakon feshi, wanda ake ganowa a kan injin gwajin nozul. A tsofaffin injinan da ba na lantarki ba, ana iya sassauta natin bututun kowane nozul ɗaya bayan ɗaya a silo, da tsumma a rufe don kada man ya feso a fata. Silindar da aka sassauta hayaƙi ya ɗauke, ita ce. Ba a yin wannan a injinan zamani masu bututun matsi guda, matsinsu na iya huda fata. A kuma zubar da abin da ya taru a gindin filtar mai a gani ko gas ɗin na da ruwa, a duba ko iska na shiga ta tsohon tiyo. Idan duk waɗannan lafiya, saura kwamfureshan, kuma ba a zuba mai a silindar gas don gwaji, zai iya kamawa.

Idan an tabbatar gasket ne

Gasket da wuya ya ƙone haka kawai. Kusan kullum zafi ne ya kashe shi. Top ɗin alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na bulok ɗin baƙin ƙarfe, don haka duk lokacin da mota ta tafasa, top yana murza gasket yana kuma bauɗewa. Wanda ya sa sabon gasket bai nemo dalilin zafin ba, ya kashe maciji bai sare kansa ba. A duba fanka da abin da ke kunna ta, da famfon ruwa wanda fukafukansa kan cinye da tsatsa, da lagireton da ruwan rijiya ya toshe da ɓawo, da murfi. Murfin nan ana raina shi, alhali matsin bar 1 da yake riƙewa shi ke ɗaga tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa kusan 120. Robarsa ta mutu, mota za ta riƙa amai da ruwa a go-sulo ko da komai nata lafiya.

Al'adar cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, da zarar mota ta shigo ƙasa, wai don zafin Afirka, kuskure ne. Tamostat yana buɗewa ne a wajen digiri 82 zuwa 88, kuma a injina da yawa idan ya buɗe yana toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa ba tare da ya je lagireto ba. An cire shi, wani kaso na ruwan zai riƙa bin gajeriyar hanyar. Da safe kuma inji ba ya saurin ɗumama, yana shan mai da yawa, yana tara gumi a ciki. Abin da ya dace shi ne lafiyayyen tamostat da kulant da aka haɗa rabi da rabi da ruwa mai tsabta marar gishiri.

Da an sauke top a karanta tsohon gasket kafin a jefar. Zoben ƙarfen da ya kewaye kowace silinda zai nuna baƙin layi ko yankewa a inda wuta ta bi. Idan ba a ga komai a jikinsa ba, a tsaya, ƙila top ne ya tsage, sai an kai shi an gwada shi da matsi. A kankare fuskar top da ta bulok su yi tsaf ba tare da an karce su ba, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a tsaye da a kwance da kusurwa zuwa kusurwa, a zura siririn gejin da ake saita bawul da shi. Injinan Toyota da Honda da yawa ba su yarda a wuce milimita 0.05 ba, Volkswagen kuwa 0.1. Ya wuce haka sai an kai masu injin gyaran fuska, kuma su ma suna da iyakar abin da za su ɗebe, domin top ɗin da aka cinye da yawa yana ƙara matsi ya kuma karkatar da taimin.

Ramukan kusoshi a busar da su. Ruwa ko mai da ya kwanta a gindin rami zai sa kusa ta yi kamar ta ɗauru alhali ba ta danne top ba, wani lokaci ma ya tsaga bulok. Ana ɗaurewa ne daga tsakiya zuwa waje, mataki-mataki, da sifanar awon ƙarfi, ba da dogon bututu da ƙarfin damtse ba. A injin Golf 3 mai 1.8, misali, ana fara ɗaurewa zuwa Nm 40 a awon sifanar, sannan 60, sannan a ƙara kwata na zagaye sau biyu. Irin waɗannan kusoshin miƙewa suke yi, ba a maimaita su. Ba a shafa gam a gasket ɗin top sai inda kamfani ya ce.

Wasu injina suna da nasu tarkon. Fijo 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, silindoginta hannayen riga ne da ake zurawa cikin bulok, ruwa na kewaye da su, suna zaune kan siraran sil a ƙasa. Idan top yana sauke aka juya inji ba a danne su ba, za su ɗaga, sil ɗin ya lalace, a gama aiki ruwa ya riƙa sauka cikin baƙin mai. Injin 2AZ-FE na Camry ƙirar 2002 zuwa 2006 kuwa an san shi da zarewar zaren kusoshin top daga bulok ɗin alminiyam, musamman na baya. Idan kusa ta ƙi kama ƙarfi tana ta juyawa, sai an dasa sabon zare na ƙarfe a ramin, in ba haka ba sabon gasket ba zai daɗe ba.

Magungunan kwalba da ake zubawa a lagireto don like gasket suna iya riƙe ƙaramin tsattsafi na ɗan lokaci, amma ba sa tsayawa gaban matsin wuta idan ɓarakar ta yi girma, kuma sukan toshe siraran bututun lagireton da dama rabinsa a toshe yake.

Bayan an haɗa, a sake baƙin mai da filta, kuma idan ruwa ya shiga man a da, a sake su karo na biyu bayan 'yan kilomita ɗari kaɗan. A cika ruwa a hankali, a buɗe kusar fitar da iska idan injin yana da ita, a bar shi a silo har tiyon sama da na ƙasa su yi zafi fanka ta kama ta saki. Wasu tsofaffin injina suna buƙatar a sake bin kusoshin top bayan kimanin kilomita 1,000, wasu kuma ba a taɓa su, sai a bi abin da littafin injin ya ce. Farin hayaƙi zai iya ci gaba na kusan rabin sa'a na tafiya, saboda ruwan da ya taru a tukunyar salansa tun kafin gyara. A yi wa robar ajiyar ruwa alama da safe inji na sanyi, a riƙa duba ta kullum a daidai wannan lokacin har mako guda. Kwana ɗaya ko biyu na farko ruwan zai ɗan sauka yayin da sauran iska ke fita, daga nan ya kamata ya tsaya a kan alamar.